Kafin Duro Ya Cika: Hira Kan Ƙurar Shagon Kafinta

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Sakkwato. Yau a shagon Baba Ummaru kafinta muke zaune, nan Mabera, za mu yi hira kan injin zuƙar ƙurar katako, mun kashe injuna don ku ji mu da kyau. Hajiya Inno na nan tare da mu kamar kullum. Baba, ina gajiya?

Baba Ummaru: Ba gajiya, Nasiru. Sannunku da zuwa. Hajiya, a yi haƙuri da wurin zama, kin ga ko'ina gari ne.

Hajiya Inno: Ai garin ne ya kawo mu, Malam. Tun da na shigo nake kallon wancan duron da ke ƙarƙashin mazurari. Shi ne ya ba ku wahala makon jiya?

Baba Ummaru: Shi ne. Kin san lokacin biki ne, kowa na son kayan ɗakin ɗiyarshi kafin azumi. Gado uku munka karɓa da kabad biyu. Tun safe yaro shina tura katako cikin filena, injin share fuskar katako, ni kuma ina can wajen haɗi. Wajen azahar sai na ga dusa na fitowa ta bakin injin tana zuba bisa ƙafarshi. Na kashe, na buɗe duro, ya cika har wuya, dusa ta hau cikin mazurari. Da munka kwance filta, wallahi kamar an cusa mata auduga. Yini guda munka yi muna kakkaɓe ta, aikin mutane na jira.

Nasiru: Bari in ɗan fayyace wa wanda bai taɓa ganin injin zuƙar ƙura ba. Fanka ce ke zuƙo iska ta cikin tiyo daga bakin kowane inji. Iskar ta shiga wannan mazurarin, ta yi ta juyawa kamar guguwa, mai nauyi ya bi bango ya gangara cikin duro, iska kuma ta fita ta sama ta ratsa filta, wadda ke tare ɗan garin da ya rage. To in duro ya cika, dusa ba ta da inda za ta faɗa. Sai ta bi iska gaba ɗaya ta tafi filta, ita kuwa ba a yi ta don wannan kaya ba.

Hajiya Inno: To amma injin ba ya nuna alama? Ni na ɗauka kukansa zai canza.

Baba Ummaru: Shina canzawa, amma wa zai ji? Filena na ruri, zarto na ruri, in wuta ta ɗauke ga janareta. Kuma abin da nika so a gane ke nan: duk alamar da injin zai ba ka da kanshi, ta makara. In ka ga zuƙa ta yi rauni, in ka ga ƙura na tashi cikin hasken taga, ba cewa shika yi duro ya kusa cika ba. Ya cika tun ɗazu, filta ta riga ta sha.

Nasiru: Kuma saurin cikarsa na ba mutane mamaki. Duron nan lita 200 ne. Ɗauki katako guda, faɗi inci 12, tsawo ƙafa 12. In ka share masa milimita 3 a fuska ɗaya, ka cire itace fiye da lita 3. Wannan kafin ya zama dusa ke nan, in ya tashi ya yi buzu-buzu sai ya ninka sau da yawa. Ranar filena duro na iya cika kafin a tashi sallah, ranar goge da samfefa kuwa sai ka yi kwanaki bai kai rabi ba. Shi ya sa wanda ya ce duk Asabar yake juyewa zai sha mamaki wata rana.

Hajiya Inno: Da can yaya kuke ganewa, Malam?

Baba Ummaru: Ƙwanƙwasa. Yadda kike yi wa tankin ruwa ko kankana. Ki fara daga sama da bayan yatsa kina saukowa. Inda babu komai sai ki ji ƙwam-ƙwam, inda kaya ya kai sai sauti ya mutu, dim. Bari ki ji. Kin ji nan? To saurari nan.

Hajiya Inno: Na ji, wajen wannan zoben na tsakiya ya canza.

Baba Ummaru: To ai kin iya. Sai dai tana yaudara. Garin samfefa shina zama daƙam, sautinshi a fili yake. Dusar filena kuwa sakayau take, sai duro ya kusa cika yana yi maka kukan wofi. Ranar nan yaron ya rantse ya ƙwanƙwasa, kuma na yarda da shi.

Nasiru: Shi ne muka yanka wannan tagar a jikin duron. Tsawonta kamar taƙi guda, daga kusa da baki zuwa ƙasa, muka rufe da roba mai kauri wadda ake gani ta cikinta, muka ɗaure da kusoshi, muka bi gefe da silikon. Wannan liƙin ba abin wasa ba ne. Duron nan a ƙarƙashin zuƙa yake, in akwai ko ɗan tsagi, a taga ko a bakin murfi, iska za ta shigo ta nan ta ɗaga garin da ya riga ya kwanta ta mayar da shi sama. Sai ka ga duro rabi, filta kuma a toshe, ka rasa dalili.

Baba Ummaru: Kuma hunturu shina da nashi. Iskar Sakkwato in ta bushe, gari na manne wa robar nan kamar an shafa mai, sai ka ga taga fari fat alhali duro bai kai ko'ina ba. Na koyi haska tocila a jikinta. In haske ya ratsa ya faɗa cikin duhu, da saura. In ya tsaya nan take, kaya ne. Duk lokacin da anka juye kuma, a goge ta daga ciki da ɗanyen tsumma.

Hajiya Inno: Nasiru, kai da ke aikin lantarki, babu na'urar da za ta yi wannan gadin?

Nasiru: Akwai, Hajiya. Ɗaya ido ce, ana soke ta a murfi ko a gefe, tana harba haske, in dusa ta taso ta tare sai ta kunna fitila. Wata kuma ɗan filafili ne da ƙaramin mota ke juyawa cikin duro, in kaya ya kai gare shi ya tsayar da shi, sai ta ba da sanarwa. Shawarata ita ce fitila mai walƙiya, a ɗaga ta inda mai filena zai gani, domin ƙararrawa ba ta jiyuwa a wannan hayaniya. Idon shi ma gari na rufe shi ya yi ƙarya, sai an riƙa shafe shi. Ga wanda bai da hali, taga ta wadatar, muddin akwai mai duba ta.

Baba Ummaru: Wanga shi ne. Na ja jan fenti a jikin taga, wajen kashi biyu cikin uku na duro. Na ce wa yara, duk wanda ke kan filena, bayan katako goma ya leƙa. Ya kai ja, a kashe, a jira fanka ta tsaya, a juye. Ba sai ya cika ba. Ko don bayanka ma, cikakken duro ba abin ɗagawa ba ne ga mutum guda. Kuma duro ba ya kwana da kaya. Ƙusa guda in ta bugi ƙarfe ta ba da tartsatsi, wuta na iya kwanciya cikin gari tana ci a hankali, ba wanda ya sani sai tsakar dare.

Hajiya Inno: Allah ya tsare. Ni abin da ya fi damuna ƙirjin yaran nan ne. Ɗazu na ga ɗaya gashin idonsa fari.

Nasiru: Damuwarki na kan hanya. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke Lyon a Faransa, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci. Katakon obeche da na iroko da muke aiki da su kullum an san su da tayar da asma. Kuma ba dusar da kake gani ce ta fi illa ba, wannan laushin ne da ke yawo a iska. Lokacin juyewa da kakkaɓar filta shi ne yaro ya fi shaƙa.

Baba Ummaru: Ni da na shekara talatin cikin sana'ar nan, tarin asuba bai bar ni ba. Ba ni son su gada. Mai juyewa ya sa takunkumi na ƙwarai, ya yi waje, ya ba iska baya.

Hajiya Inno: To ni ma ina da roƙo, a matsayin mai saye. Mu masu kaji dusar filena muke so don shimfiɗa, busasshiya, mai kauri. Garin nan mai laushi 'yan tsaki na tsattsagarsa, yana shiga musu ido da hanci. Na MDF kuwa, wannan katakon da ake matse garin itace a yi, ba ma so ko kyauta, gam ne a cikinsa, haka wanda aka yi wa maganin gara. In kun gama filena ku juye kafin ku koma kan MDF, kada su gauraya.

Baba Ummaru: Gaskiyarki, Hajiya. Ban taɓa kawo wanga a rai ba, komai duro guda muka zuba shi. Zan nemo na biyu in rubuta musu suna.

Nasiru: Na biyun ma sai mun yanka masa taga, Baba. Akwai sauran robar nan?

Baba Ummaru: Akwai, tana bayan kabad. Hajiya, aiko yaronki da buhu shida ranar Alhamis, filena za mu yi tun safe.

Hajiya Inno: Zai zo da takwas, in Allah ya so.

Nasiru: Masu sauraro, a nan za mu dakata, injin na jiran Baba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.