A Jamus, takarda ce ke magana

Jama'a masu saurare, akwai ƙorafin da ke yawo a wayoyin 'yan'uwanmu mazauna Jamus, har ya isa kunnen iyaye a Kano da Damagaram da Kumasi. Wai Jamusawa ba su san zumunci ba, maƙwabci ba ya amsa gaisuwa amma ya iya kiran 'yan sanda, ko motsi ka yi sai an ci ka tara. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ƙiyayyar baƙar fata ce kawai.

Wariya kam akwai ta. Duk wanda ya nemi gidan haya a Hamburg ko Munich da suna irin namu ya san yadda ake yi masa shiru. Amma a zazzage yawancin koke-koken nan a gani. Abin da ke faɗowa daga ciki wasiƙa ce da ba a buɗe ba, ko takardar da ke manne a mashigar gida wadda aka yi shekara ana wucewa ta gabanta ba a karanta ba. A ƙasar nan takarda ce ke magana, mu kuwa mun saba jiran wani ya zo ya gaya mana da baki.

Tun daga ranar tarewa ake fara tafka kuskuren. Doka ta ba ka mako biyu ka je ofishin gunduma ka yi rajistar adireshi, abin da suke kira Anmeldung, riƙe da fasfo da takardar shaida daga mai gida. Sannan ka rubuta sunanka a akwatin wasiƙa da jikin ƙararrawar ƙofa, kamar yadda yake a fasfo. Mai raba wasiƙa suna yake bi, bai san lambar ɗakinka ba. In bai ga sunan ba wasiƙar ta koma inda ta fito, ofishin baƙi ko kamfanin inshorar lafiya kuwa sun riga sun rubuta cewa sun aiko.

Ga yadda ƙaramin bashi ke zama masifa. Kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko kana kallo ko ba ka kallo. Kuɗin waya, kuɗin wuta, duk ta wasiƙa suke zuwa. Ka ƙi buɗewa, a aiko da tunatarwa haɗe da ƙari. Ka sake yin biris, bashin waya ya koma hannun kamfanin karɓar bashi, su ɗora nasu. Sai ambulan ruwan ɗorawa ya iso daga kotu, da kwanan wata a rubuce a jikinsa, kuma daga ranar kana da mako biyu kacal ka ce ba ka yarda ba. In lokacin ya wuce, sunanka na iya shiga kundin Schufa, wato rajistar tarihin bashin mutane, wanda masu gidaje da bankuna ke dubawa. Bayan shekara a hana mutum gida, ya ce don shi baƙi ne. Haba malam! Wasiƙu nawa ke jibge a kan firjinka?

Maƙwabci kuma fa? Dokokin gida suna nan cikin yarjejeniyar haya da ka sa wa hannu. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Lahadi da ranakun hutu ma haka, ba huda bango, ba buga guduma, kantuna a rufe in ban da na tashar jirgin ƙasa da gidan mai da wasu masu burodi. Wanda bai yi cefane ranar Asabar ba ya ja wa kansa. Wani abu da ake mantawa shi ne agogo: lokacin bazara Jamus na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, ke nan kiran bidiyon da aka fara ƙarfe 9 a gida, ana shewa ana miƙa waya daga wannan zuwa wancan, ƙarfe 10 ne a Jamus, bangon kuma ba kauri. In suna ne ko walima, a manna sanarwa a matattakala kwana biyu ko uku kafin ranar, a faɗi lokacin tashi. Sanarwar ba ta ɗage doka, amma tana sassauta zuciya. Taro ya yi yawa, a kama zaure. Domin bayan ƙorafi gargaɗi a rubuce ke biyowa daga mai gida, bayan gargaɗi kuma takardar tashi.

Shara ma ba tsurfa ba ce, lissafin kuɗi ne. Kwandon ruwan ɗorawa na ledoji da gwangwanaye da kwalin madara, shuɗi na takarda da kwali, ruwan ƙasa na ɓawon kayan miya da ragowar abinci, baƙi na sauran tarkace. Launukan kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, don haka a duba rubutun murfin. In aka cakuɗa, masu kwasa na iya barin kwandon, ƙarin kuɗin kwashewa kuma a raba wa duk 'yan hayan gidan a lissafin ƙarshen shekara. Tsohuwar da ke harararka ta taga aljihunta take karewa. Robar lemo da gwangwani masu alamar Pfand kuwa santi 25 ne kowanne in ka mayar injin kanti, kwalabe santi 8 ko 15.

Inda aka fi asara babu gaira babu dalili shi ne wajen iska. Sanyi ya shigo, a toshe tagogi, a kunna hita har ƙarshe, tukunyar miya na tafasa awa biyu, wanki a shanye a falo. Tururin nan ba shi da mafita, sai ya kwanta a kusurwar bango da bayan kabad, fumfuna baƙa ta fito. Ranar tashi mai gida ya nuna ta, ya zabge gyara daga kuɗin ajiyar da ka bayar, wanda kan kai hayar wata uku. Maganin ba ya cin ko sisi: a rage hita, a wangale tagogi gaba ɗaya minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan girki da wanka. Barin taga a ɗan karkace duk wuni ya fi ɓarna, bango yake sanyayawa, ɗumi kuma na zurarewa. Lamba 3 a jikin hita tana ba da ɗumi wajen digiri 20, ya isa. A kuma janye kabad daga bango kamar faɗin tafin hannu. Wannan ma sau da yawa yana rubuce a takardun da aka miƙo maka tare da makulli.

Wasu za su ce ai jiragen ƙasan Jamusawan ma makara suke yi, me ya sa za a dame mu da lokaci? Gaskiya ne suna makara, su kansu Jamusawa sun gaji da mita a kai. Sai dai jami'in ofishin baƙi ba zai karɓi wannan hujja ba. Lambarka ta fito ba ka nan, an wuce, sabon lokaci kuma sai bayan makonni. A iso da minti goma a hannu, in ba za a samu zuwa ba a soke tun da wuri, a rubuce.

Uzurin ƙarshe shi ne ba a jin Jamusanci, harshen ofis ɗinsu kuma ko 'yan ƙasa kan yi gumi a kansa. Na yarda. Amma wayar da ake aika saƙon ƙorafi da ita tana iya ɗaukar hoton wasiƙa ta fassara. Ƙungiyoyin agaji irin su Caritas da Diakonie da AWO suna da ofisoshin ba baƙi shawara kyauta a kusan kowane babban gari, rikicin haya kuma akwai ƙungiyar 'yan haya da ake shiga da ɗan kuɗin shekara. A buɗe wasiƙa ranar da ta zo, a nemi kwanan watan wa'adi a ja masa layi, a tafi da ita gaba ɗaya har da ambulan, domin shi ne shaidar ranar da ta iso.