Amsoshin tambayoyinku: mi ya sa radiyo ke yin tsit ana cikin shiri?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka, ga mu cikin filin amsoshin tambayoyinku, takardu sun taru kan tebur bari mu fara.

Wani bawan Allah mai shago a babbar kasuwar Maradi ya rubuto yana cewa, don Allah mi ya sa ana cikin shiri sai radiyo ta yi tsit, ba ka jin komi sai shuuu? Malam wallahi mu abin ya fi ci wa rai. Wutar da muke sha nan Maradi mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, layin Katsina da ya biyo ta Gazawa, duk abin da ya taɓa layin nan ya taɓa mu, ai ka tuna Agustan 2023 da aka yanke ta bayan juyin mulki, ba a maido ba sai Maris 2024. To in wuta ta ɗauke mai kula da na'ura ne zai ruga da tocila ya tada gurup, wato injin ba da wuta, kuma emetar, wato na'urar da ke watsa shirin, ba nan take zai kunna ta ba sai wutar ta zauna, in ya yi gaggawa ta ƙone mun shiga uku don kayan gyaranta ba a samun su kasuwa. Ga zafin watan Afrilu, ɗakin in ba sanyi na'urar da kanta take mutuwa, lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe mata fanka sai an bi ana hurewa.

Sai wata Hajiya daga Tibiri, ta ce ya za a yi mutum na cikin zafin rashi a ce ya biya kuɗin sanarwa? Hajiya Allah ya jiƙan wanda ya rasu, Allah ya ba ku haƙuri, kuma maganarki tana da nauyi. Amma mu ba Muryar Sahel ba ne da gwamnati ke ɗauke da ita, kuɗin sanarwar aure da suna da rasuwa da ɗan talla su ke sayen gazuwal ɗin da ya sa kike jin muryata yanzu haka, su ke biyan yaran da ke kwana nan. Wanda ba shi da hali ya zo ya faɗa, ba mu taɓa korar mutum ba, cigiyar yaro da ya ɓata kuwa ko dala ba mu amsa.

Wani manomi daga wajen Ɗan Isa ya ce ba ya kama mu sosai. Baba zangon FM miƙe yake tafiya, iyakarsa tsawon ƙarfen eriyarmu da ƙarfin na'ura, in kana cikin kwari ko bayan tudu sai ya raunana. Ka ɗaura siririyar waya jikin eriyar radiyonka ka rataye ta bisa reshen icce, ka gwada ka sake rubuto mana mu ji.

Sauran takardun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.