Farfaɗiya da mantuwa: abin da masu ciwon suke fama da shi bayan faɗuwa ta wuce

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. In aka ce farfaɗiya, abin da yake zuwa ran mutane shi ne faɗuwa da jijjiga da kumfar baki, amma akwai wani ɓangare da masu ciwon da yawa za su ce maka ya fi damunsu a rayuwar yau da kullum, wato mantuwa. Mutum an aike shi kasuwa ya isa bakin rumfa ya tsaya bai san me ya zo saya ba, ko uwa ta ɗora tukunya ta koma ɗaki sai ƙauri ya tuna mata, ko ɗalibi ya kwana yana hadda ranar Asabar, malam ya tambaye shi ranar Laraba kamar bai taɓa buɗe littafin ba.

To me yake kawo haka? A cikin ƙwaƙwalwa, wajen saitin kunnuwa dama da hagu, akwai wani ɗan sashe da likitoci suke kira hippocampus. Aikinsa shi ne ya karɓi abin da ya faru yanzu ya mayar da shi abin da za ka iya tunawa gobe. Kuma nau'in farfaɗiyar da ya fi yawa a cikin waɗanda suke farawa daga waje ɗaya na ƙwaƙwalwa, daga wannan yankin yake tasowa. Idan abin ya motsa, kamar kana cikin rubutu ne a kwamfuta aka ɗauke wuta ba ka danna ajiyewa ba, abin da ka rubuta bai shiga ba tun farko. Shi ya sa bayan mutum ya farfaɗo za ka ga yana tambaya ina ne nan, wa ya kawo ni, kuma mintunan da suka gabaci faɗuwar sau da yawa ba sa dawowa ko an ba shi labari.

Yadda duniya ta gane muhimmancin wannan sashe ma ta hanyar wani mai farfaɗiya ne a Amurka, Henry Molaison. A 1953, yana da shekara 27, likitan tiyata William Scoville ya cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu don a rage masa faɗuwa. Faɗuwar ta ragu sosai, amma daga ranar bai ƙara iya riƙe sabon abu ba, za ka gaisa da shi ku yi hira lafiya lau, ka fita ka dawo sai ka sake gabatar da kanka. Masu bincike irin su Brenda Milner sun sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, kullum hannun yana ƙara gwanancewa alhali shi bai tuna ya taɓa yi ba. Ya rasu a 2008. Kar wannan ya tsorata kowa, yanzu ba a yin irin wannan aikin ta ɓangare biyu, kuma mantuwar yawancin masu farfaɗiya ba ta kai ko kusa da tasa ba.

Akwai kuma wata irin mantuwa mai wuyar ganewa wadda ni ita ta fi taɓa min zuciya. Mutum zai riƙe abu yau, ya riƙe gobe, in aka gwada shi a asibiti bayan rabin awa ya ci jarrabawar tsaf, amma bayan sati biyu ko uku abin ya goge gaba ɗaya. Sai ka ga magidanci ana nuna masa hotunan sunan ɗansa, ga shi nan a tsakiya da babbar riga yana dariya, amma shi wallahi bai tuna ranar ba. Idan ya faɗa a ce ƙarya yake, ko matarsa ta ɗauka bai damu da ita ba ne, kuma wannan zargin ya fi mantuwar ciwo.

Magani ma yana da nasa kason. Phenobarbital, wanda shi ne mafi arha kuma aka fi samu a wurarenmu, yana sa barci da nauyin kai ga wasu, topiramate kuma an san shi da sa mutum ya rasa kalmar da take bakinsa. Amma don Allah a saurare ni da kyau a nan, kar wanda ya daina shan magani da kansa saboda mantuwa, tsayar da shi farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta tsayawa kuma tana iya kisa, sannan yawan faɗuwar shi kansa yana ƙara lalata tunani. Abin yi shi ne ranar ganin likita ka ce likita ina mantuwa, ka ba da misali, domin ana iya rage awo ko a canza wani. Da yawa ba sa faɗa saboda an tambaye su sau nawa ka faɗi ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne suke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace.

A gida kuma, ƙaramin littafi ɗaya ya isa, ɗaya tak ba takardu a warwatse ba, a rubuta bashi da alƙawari da ranar da aka faɗi. Wanda bai iya boko ba ya yi da ajami ko ya tura wa kansa saƙon murya a WhatsApp. A ɗaura shan magani da abin da ba ya wucewa, kamar bayan sallar asuba da bayan isha'i, a sa ƙararrawar waya, a sayi ɗan akwatin nan na zuba magani mai gida bakwai, kowace rana da gidanta, a kemis saboda tambayar nan ta na sha ko ban sha ba tana sa wasu su sha sau biyu. Barci ya wadata, don rashinsa yana tayar da ciwon kuma yana ƙara mantuwa, haka damuwa da ƙuncin rai, su ma a faɗa wa likita.

Ku kuma 'yan uwa, in mai ciwon ya sake tambayar abin da ya tambaya ɗazu ku amsa kawai, ku bar cewa ba yanzu na faɗa maka ba. Ranar asibiti wani ya raka shi, wanda ya ga yadda faɗuwar take, in da hali ma ya ɗauki bidiyonta a waya ya nuna wa likita, ya kuma rubuta yadda aka ce a sha maganin kafin a bar ɗakin.