Yadda Ake Gane Ƙwayar Rigakafin Dabbobi Ba Ta Canza Hali Ba

Daga faifan laccar da aka yi wa ma'aikatan lafiyar dabbobi da fataken shanu a Agege, Legas.

Jama'a, barkanmu da warhaka. Abin da ke cikin kwalbar rigakafin saifa, huhu da bakkale, irin wanda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, Jihar Filato, ƙwayar cuta ce mai rai da aka karya wa lago. Mai rai kuwa yana hayayyafa, kuma kowace haihuwa na iya zuwa da canji: ko ƙwayar ta dawo da dafinta, ko ta yi laushi har ta kasa kare dabba.

Shi ya sa ake busar da uwar iri a adana cikin sanyi. Daga ita ake cire irin aiki, sannan a ƙirga dashe, wato sau nawa aka mayar da ƙwayar sabon abinci. Galibi ba a wuce biyar. Wanda ya yi ta dasawa daga kwanon jiya don gudun buɗe sabuwar kwalba, shi ke ɓata iri.

Ku ɗauki S19, ƙwayar rigakafin bakkale, wadda John Buck ya samo a Amurka a 1923. Tana da giɓin harafi 702 a DNA ɗinta, wato kundin gadonta, don haka ba ta tsirowa inda aka zuba sukarin iritiritol, alhali ta daji, mai kawo cutar, tana son sa, ga shi kuwa yana da yawa a mahaifar saniya. Gwajin PCR, mai binciken DNA, yana nuna giɓin nan. Sai a duba tsironta a kwano, dole ya fito sumul. Idan aka zuba rini mai ruwan shunayya, tsiron da ya yi kaushi shi ke kama launi, kuma in irinsa ya yi yawa, rukunin nan ba ya fita kasuwa. Kada ku rikita ta da RB51, wata ƙwayar rigakafin bakkale, ita kaushin ne asalinta.

Ta saifa, Sterne 34F2, ta rasa zoben gado pXO2, wato wani ɗan zoben DNA, shi ya hana ta yin kwanson da take fakewa a ciki. Ana renon ta kan abinci mai bakabonet cikin iskar kabon, a rina, a duba a madubin likita. Kwanso ya bayyana, a ƙona.

Gwaji mafi tsada shi ne na jikin dabba. A yi wa ta farko allura, a ciro ƙwayar daga jikinta a sa wa ta biyu, haka har biyar, sannan a kwatanta zazzaɓi, kumburi da raunin da aka gani a ta ƙarshe da na ta farko.