Darasin abinci ya fi ƙarfin hadda

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi yadda ake koya wa 'yan firamare rabe-raben abinci.

A shiga aji a tambayi yara abinci kashi nawa ne, za su amsa baki ɗaya: mai ba da kuzari, mai gina jiki, mai kare jiki daga cuta. Sun haddace tsaf. To, a dakata a kaɗa ƙararrawa su fito tara, a duba abin da ke hannunsu. Biskit ne da alawa da lemon kwalba. Wannan shi ne abin da ya dame ni, domin karatun ya zauna a kai amma bai kai ga ciki ba.

Su kansu masana sun daɗe suna neman hanyar da saƙon zai shiga. A 1992 ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar da hoton dala, hatsi a ƙasa, mai da zaƙi a can ƙololuwa. A 2011 aka maye gurbinsa da hoton faranti, rabinsa kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, sauran rabin hatsi da abinci mai gina jiki, ga kofin madara a gefe. Dalilin a fili yake. Faranti ne yaro yake gani a gabansa kullum, shi zai iya kwatantawa da nasa.

Ga wani abu da kowane malami zai iya yi gobe da safe. Ya zo da gwangwanin lemo mai mililita 330, da sukari, da ƙaramin cokali, da kofin gilashi. Irin wannan gwangwani yakan ƙunshi sukari wajen giram 35. Sai ya kira yaro ɗaya ya riƙa zuba sukarin a kofin cokali-cokali har ya kai yawan na gwangwanin, aji na ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku. Kafin a kai bakwai za a ji hayaniya ta lafa, a kai tara sai ido ya raina fata. Nan ne malam zai faɗa musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, in son samu ne ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kamar cokali 6 ga babban mutum. Yaron da ya zuba sukarin nan da hannunsa, da wuya ya manta.

Haka sauran darasin. Yara na son dalili, kuma suna da wayon gane shi. A gaya musu cewa bitamin A da ke cikin karas da ganye mai duhun kore da ƙwai shi ke tsare ido daga dundumi. A gaya musu gishiri mai aidin na hana maƙoƙo. A gaya musu sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da nama shi jini ke buƙata, kuma rashinsa na sa yaro ya yi ta gyangyaɗi a aji ana ce masa malalaci. In aka ci wake aka bi shi da lemon zaƙi, bitamin C na taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen, shayi kuwa rage shi yake yi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 6 zuwa 9 na buƙatar aƙalla giram 350 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. A kawo sikeli aji, a auna, su ga yawansa da idonsu.

A Japan, tun 2005 akwai dokar ilimin abinci. Ɗalibai ne ke sa farar riga da hula su raba wa junansu abincin rana, su ci tare da malaminsu a cikin aji, su kwashe kwanuka.

Sai dai ina roƙon malamai abu ɗaya. Yaro ba shi ke cefane ba. Kada a buɗe kwanonsa a gaban 'yan uwansa a ce ga misalin abinci marar amfani, alhali iyakar abin da iyayensa suka samu ke nan. Wannan tozarci ne, kuma zai tsani darasin har ya girma. A nuna masa cewa inda nama ya gagara, wake da gyaɗa da ƙwai na toshe gurbi, ya kai labarin gida da murna.

Ku kuma iyaye, in yaro ya ture ganye yau, kada ku ce ba ya ci. Sau da yawa sai an sa masa sabon abu a gaba kamar sau goma kafin harshensa ya saba, musamman in ya ga ku ma kuna ci. Makarantar da ke da ɗan fili a bayan aji kuwa, ta ware kunya biyu ko uku, a shuka tumatir da alayyafo, a raba wa yara ranakun ban ruwa, ranar tsinka a wanke a yanka a ci tare.