Ginger Baker, Makaɗin Landan da Ya Bi Ganga Har Legas

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, iyayena da suka zauna a gaba, da ɗalibai da ke can baya, ina godiya da kuka amsa gayyata. An ce in yi magana a kan wani makaɗin Turawa da ya rasu, kuma na tsara abubuwa huɗu, wato ƙuruciyarsa, da salon kiɗansa, da zamansa a Najeriya, sannan ƙarshen rayuwarsa.

Sunansa na yanka Peter Edward Baker, amma duniya ta san shi da Ginger saboda jan gashin kansa. An haife shi a Lewisham da ke kudancin Landan ranar 19 ga Agusta, 1939, ya kuma rasu a wani asibiti a Canterbury ranar 6 ga Oktoba, 2019, yana da shekara 80. Mahaifinsa magini ne, aka kashe shi a Yaƙin Duniya na Biyu a 1943, yaron bai wuce shekara huɗu ba. Burinsa na farko tseren keke ne. Wanda ya karkatar da kunnensa shi ne wani makaɗin jaz mai suna Phil Seamen, wanda ya zaunar da shi ya kunna masa fayafayan gangunan Afirka, kuma abin takaici, Baker ya saba da muguwar ƙwayar nan ta hiroyin wadda ta bi shi shekaru masu yawa. Wannan shi ne na farko.

Na biyu shi ne salon kiɗan, kuma a nan ku yi mini haƙuri, domin nan ne zuciyata take. Gangunan da makaɗin rok ke zama a bayansu tari ne: akwai babbar ganga a ƙasa wadda ake bugawa da ƙafa, akwai ƙarama mai kaifin sauti a tsakanin gwiwoyi, akwai matsakaita masu zurfin murya, sannan akwai faya-fayan tagulla da ake dukansu da sanduna. A al'adar kiɗan rok, idan aka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, makaɗi kan sauke nauyin dukansa a kan biyu da huɗu, aikinsa kuwa shi ne ya riƙe wa mawaƙi da mai jita lokaci, kamar yadda agogon bango ke yi. Baker ya ƙi yarda da wannan matsayi. A ƙungiyar Cream, wadda ya kafa a 1966 tare da masu jita Eric Clapton da Jack Bruce, sai ya mayar da ganga mai magana. A waƙarsu Sunshine of Your Love ya juyar da lissafin, ya ɗora nauyin a kan ɗaya da uku, kuma a kan gangunan nan masu zurfin murya, shi ya sa mai saurare yake jin waƙar tana tafiya da nauyi kamar ana daka a turmi. An yi jayayya daga baya, domin injiniyan sauti Tom Dowd ya ce shi ya ba da shawarar, Baker kuwa bai taɓa yarda da hakan ba, kuma wanda ya san halinsa ba zai yi mamaki ba. (Dariya.)

Ku da kuka tashi kuna jin kalangu ba ku buƙatar a yi muku dogon bayani a kan abin da nake nufi da ganga mai magana. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa, murya ta hau, ya sassauta, ta sauka, har ya kira sunan mutum ya yi masa kirari ba tare da ya buɗe baki ba. Gangunan Baker ba su da tsarkiyar da za a matse, don haka sai ya ɗaure kowace ganga a kan muryarta daban, yana zagayawa a tsakaninsu, wannan ta tambaya waccan ta amsa. Ya kuma ƙara babbar gangar ƙafa ta biyu, bayan ya ga Sam Woodyard, makaɗin ƙungiyar jaz ta Duke Ellington, yana amfani da guda biyu. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, makaɗan jaz irin su Louie Bellson sun riga shi, amma yana cikin na farko da suka shigar da ita kiɗan rok. Ku lura da kyau, ƙafa biyu da hannu biyu, kowanne da nasa lissafin, kuma dukkansu suna haɗuwa a wuri ɗaya. A kiɗan da ake kira Toad, wanda aka ɗauka a gaban jama'a aka fitar a 1968, an shafe kusan minti goma sha shida, mafi yawansu shi kaɗai yake bugawa. Na san wasu a cikinku za su ce wannan ai gajiyar da mutane ne, kuma da yawa daga waɗanda suka kwaikwaye shi lallai sun gajiyar da mutane, domin sun ɗauki ƙarfin dukan sun bar zancen. Shi kuwa zance yake yi, yana maimaita jimla, yana sauya ta kaɗan, yana komawa kanta. Saboda haka ne har ya mutu yana jin haushin a kira shi makaɗin rok. A wurinsa shi ɗan jaz ne, kuma ya hau dandali ya kara da manyan makaɗan jaz irin su Art Blakey da Elvin Jones don ya tabbatar da hakan. Zance yake yi, ina sake faɗa.

Cream ba ta daɗe ba. Shi da Jack Bruce ba sa shan inuwa ɗaya tun suna ƙungiyar Graham Bond, sai Cream ta watse a Nuwamba 1968 bayan wasan bankwana a zauren Royal Albert Hall da ke Landan. Ƙungiyarsa ta Blind Faith da ta biyo baya a 1969 faifai ɗaya kawai ta yi.

To, na nawa muke? Na uku, ko? Najeriya. Baker ya san Fela Kuti, mawaƙin nan na Najeriya, tun Fela yana karatun kiɗa a Landan, kuma a 1971 suka ɗauki faifai tare da ƙungiyar Fela mai suna Africa 70. A shekarar ce ya tuƙo mota ƙirar Range Rover ya ratso hamadar Sahara ta Aljeriya har ya iso Najeriya, tafiyar da Tony Palmer ya ɗauka a fim. Ya zauna a Legas, ya zuba dukiyarsa ya gina sutudiyo mai layin ɗauka goma sha shida a Ikeja, wanda aka buɗe a 1973. Ya haɗa ƙungiya mai suna Salt da matasan makaɗan Najeriya, cikinsu har da Laolu Akins da Berkley Jones, kuma tagwayen mawaƙan nan 'yan gidan Lijadu sun yi yawon wasa da ita. Da Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles, ya zo Legas a 1973, mafi yawan aikinsa a sutudiyon kamfanin faifai na EMI ya yi shi, waƙa ɗaya kawai ya kai wurin Baker. Kasuwar ba ta ci ba, kuɗin suka narke, amma a Najeriya ya kamu da son wasan folo, kuma dawakan folo sun cinye abin da sutudiyo ya rage. Ya sa wa ɗansa suna Kofi don girmama makaɗin Ghana Kofi Ghanaba, kuma a shekarunsa na ƙarshe wani makaɗin Ghana, Abass Dodoo, shi ne abokin kiɗansa na kusa.

An nuna mini agogo, don haka sauran zan taƙaita. Ya koma Italiya yana noman zaitun don ya rabu da ƙwaya, ya zauna a Colorado, ya koma Afirka ta Kudu, Cream ta sake haɗuwa a 2005, Bruce ya rasu a 2014, sannan a Fabrairu 2020 Clapton ya shirya wasan tunawa da shi a Landan. Na ga hannu a can baya. Bismillah, ɗana.

(Mai tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. An ce ya taɓa fasa wa mai ɗaukar fim ɗinsa hanci da sanda. Ta yaya za a kira shi abin ƙauna? Kuma shin ya fi Tony Allen?)

Tambaya biyu ka haɗa a ɗaya, ɗana. Ta farko gaskiya ce, kuma abin yana cikin fim ɗin da Jay Bulger ya fitar a 2012, kyamara na aiki ya sauke masa sandar. Baker mutum ne mai zafin rai, ya ɓata da abokan aiki, ya ɓata da iyalinsa, kuma ba zan wanke shi ba. Waɗanda suka yi jimamin rasuwarsa mafi yawansu hannunsa suka so, kaɗan ne suka iya zama da shi.

Ta biyun kuwa ita ce ta fi yi mini daɗi. Tony Allen shi ne makaɗin Fela, shi ya shimfiɗa ƙasan da kiɗan Afrobeat ya tsaya a kai, kuma ya rasu a birnin Faris ranar 30 ga Afrilu, 2020, wata bakwai bai cika ba bayan Baker. Salonsu ya bambanta. Baker yana zuwa da nauyi, yana cika wuri, Allen kuwa yana taɓa ganga a hankali, yana barin sarari a tsakanin duka da duka, kuma faifan tagullar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu ba ya hutawa. A ra'ayina Allen ya fi shi laushin hannu, kuma ina ganin zuwan Baker Legas shaida ce cewa ya san akwai abin da zai ɗauka a can. Akwai wani ɗauka da aka yi a bikin jaz na Berlin a 1978, inda su biyun suka zauna suna bugawa kusan minti goma sha shida, ba mawaƙi, ba jita. Shi na zo da shi yau. Wanda ke kula da lasifika, don Allah a kunna mana, ku kuma ku gaya mini a wane gefe Allen yake zaune.