Finafinan da Ake Musu a Kansu Amma Babu Mai Kwafinsu

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk mai zama teburin mai shayi bayan isha'i a Gusau, ko Ƙauran Namoda, ko Talatar Mafara, ya san wannan musun. Wani ya ɗauko labarin wani fim na zamanin kaset, ya ce ba a sake yin irinsa ba. Na gefensa ya ce ai ƙarshensa shirme ne. Sai dattijon majalisa ya katse shi: "Mi kas sani, yaro? Sa'ad da aka yi shi ko tatata ba ka fara ba." To a ɗauko fim ɗin mana a raba gardama. Nan ake cijewa, don babu mai shi, kuma babu shi a YouTube.

Yaya aka yi fim ya ɓace alhali waɗanda suka kalle shi suna raye?

Finafinan Hausa na bidiyo sun kankama ne a Kano a 1990, a kan kaset. Furodusa ya kai fim kasuwar Ƙofar Wambai, a buga, 'yan kasuwa su rarraba zuwa garuruwa. In ya karɓu a ƙara bugawa. In bai karɓu ba, bugun farko shi ne na ƙarshe. Shi kuma zaren kaset ba ya shiri da zafi da ƙura, ga danshin damina da ke sa shi fumfuna. Da faifan CD ya shigo, waɗanda ake sa ran za su yi kasuwa aka fi juyawa. Sauran aka bar su a kwali.

Na talabijin ya fi ban takaici. Kafin a yanke Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, duk jihar Sakkwato ce, kuma manyanmu ba su manta da wasan kwaikwayon Idon Matambayi na NTA Sakkwato ba. Amma a wancan zamani kaset ɗin ɗauka tsada gare shi, gidajen talabijin da yawa kan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Shi ya sa za ka ji mutum yana ba da labarin shirin wani mako tiryan-tiryan, har da yadda wane ya gyara rawani kafin ya yi magana, alhali wataƙila a ƙwaƙwalwarsa kaɗai shirin ya rage.

Zamfara kuma tana da nata dalilin. Da aka fara aiki da shari'a a Janairun 2000, an rufe gidajen silima, kallo ya ƙara komawa cikin gida. Abin da shagon haya na unguwarku ya sayo, shi za ku gani. Sai fim ɗin da bai yi suna a Kano ba ya zama abin ji a Tudun Wadar Gusau, don kawai shi ne a hannu, ana ta aronsa gida-gida.

Ni dai ina ɗaukar ra'ayin waɗannan masu musun teburin mai shayi da muhimmanci. Ba su karanta harkar fim ba, ba ruwansu da haske ko kyamara. Tambayarsu ita ce: ya yi ma'ana? Haka ake yi a gidan Bahaushe? Kuma in an sato labari daga fim ɗin Indiya, su ke fara kama ɓarawo, don sun haddace na asalin. Matsalarsu dai ita ce: sukan haɗe finafinai biyu su zama ɗaya, kuma duk abin da mutum ya kalla yana saurayi, a wurinsa ya fi na yanzu.

Wani lokaci ɓataccen yakan dawo. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, an daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka gano shi a 2016 cikin kayan Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan kuwa fim ne da gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Na ƙaramin furodusa ba shi da mai nema sai mai ƙaunarsa.

Don haka in akwai kwalin kaset a ɗakin Baba ko ƙarƙashin gadon Inna, kada a ba 'yan gwangwan. In ka ga fari-fari a jikin zaren, kada ka jefa shi cikin bidiyo, zai iya tsinkewa. Nemi mai juya kaset zuwa kwamfuta ya fara tsabtace shi, sannan ka rubuta sunan fim da kamfanin da ke jikin kwalin kafin rubutun ya dushe.